Gemun Manjo

Shekarar da soja suka ce sun gaji za su koma bariki, suka miƙa wa farar hula mulki, an yi murna a Kaduna. An yi kiɗa a Kakuri, an yanka kaji a Barnawa, yara suna ta ihun dimokuraɗiyya ba su san ko ci ake yi ko sha ba. Baba Garba Sitaci bai yi murna ba. Shi da kaki yake ci.

Duk kudancin Kaduna ba a yi mai wanki da guga irin Garba ba, kuma ba za a sake yi ba. Bai taɓa shiga aji ba, amma in ya dama sitacin rogo ya tsoma wando, ya bi shi da dutsen gawayi, wandon nan sai ya tsaya da ƙafarsa a tsakar gida, in ka buga masa yatsa ya yi ƙara kamar kwano. Ya bi bataliya lokacin yaƙin basasa da bahonsa a ka. Kwalara ta kama tantinsu ta kwashe kowa ta bar shi. Tirela ta kife da shi a hanyar Kachia, aka jera shi cikin gawa, ya tashi ya tambayi inda hularsa take. Hafsoshin da ya wanke wa kaki kuwa, wani an ɗaure, wani an harbe, wani ya gudu Turai da jaka ɗaya, wani ya yi kuɗi har ya daina gane mutane. Garba yana nan, da jan gemunsa da yake sa wa lalle, da haƙoransa saura kaɗan su cika.

Gidansa na ƙarshe shi ne gidan Kanar Wilfred a Barnawa. Can baya, kusa da rijiya, akwai ɗaki ɗaya a baskwata, sashen masu aikin gida, da gadon ƙarfe da rediyo da ƙusar rataye riga. Nan Garba yake tun da matarsa ta rasu. In ya bar ɗakin nan, sai dai zauren ɗan ƙaninsa a Makera, inda ake ajiye babur.

To, sabuwar gwamnati ta zo ta yi wa Kanar ritaya. Kanar bai yi fushi a fili ba. Ya sa aka ninke kakinsa a akwati, ya ɗinka manyan riguna, ya shiga jam'iyya. Bai iya saɓa babbar riga ba, kullum hannun yana zamewa yana shiga miya, amma ba Garba ake ba wa wankin ba, wai aikin zare ne, sai dirai kilina. Matarsa Madam Irene kuma ta sayo injin wanki, fari, mai ƙugi kamar jirgi zai tashi. Garba ya dubi injin nan sau ɗaya, bai sake dubansa ba.

Wata safiya Madam ta same shi gindin mangwaro yana goge dutsen gugar da ba abin da zai goga da shi.

"Baba, zauna mu yi magana."

"A tsaye na saba karɓar oda, Madam."

"Ba oda ba ce. Baba, ka ga yadda abubuwa suka koma. Kaki ya ƙare. Oga ya ce za a gyara ɗakin baya a sa direba. Ƙarshen wata za mu sallame ka da mutunci."

Garba ya ajiye dutsen a hankali. Ya ce, "Madam, injin nan naki, ya san jini?"

"Wane jini kuma?"

"Jinin da ya kwana uku a kafaɗar riga. Ya san baƙin man matatar Rido? Ya san tawada, ya san manja, ya san ruwan kashu? Ni tun da aka haife ni tabo bai taɓa kallona ya zauna ba. Tambayi Oga. Tambayi duk wanda ya rage da rai."

Madam mace ce da ba ta dariya kafin azahar. Ta dube shi, ta dubi bayansa. A nan ne Manjo ya fito daga kicin yana lasar baki.

Manjo kare ne. Ba irin karen farauta ba, ba kuma na gadi ba, don ko ƙadangare ya ɗaga masa kai komawa yake yi. Ƙaramin abu ne mai farin gashi buzu-buzu, kamar tsumman goge mota da aka yi wa ƙafafu. Kanar ya zo da shi daga kwas a Turai, yana da kwanonsa, yana da tawul ɗinsa, yana hawa kujerar da baƙi ba sa hawa. Jikinsa fari ne tas, amma tun da famfo ya ɗauke aka koma rijiya, gashin bakinsa da haɓarsa da ƙasan idonsa suka rine, ja ba ja ba, ƙasa-ƙasa, kamar wanda ya tsoma fuska a kwatamin mahauta. Madam ta wanke da shamfu ta gaji. Abin yana cin ranta fiye da ritayar mijinta.

Ta ce, "Baba, kai ne tabo bai taɓa gagara ba?"

"Ni ne."

"To ga shi can. Ran Asabar manyan jam'iyya za su zo cin abinci, daga Makera da Tudun Wada, su ne za su kai sunan Oga a ba shi kwamishina. Kafin su iso mai hoto zai ɗauke mu, ni da Oga da Manjo, na kalanda. In ka fitar da tabon nan kafin Asabar, ɗakinka naka ne. In ba ka fitar ba, ƙarshen wata."

Garba Musulmi ne, sahun farko yake sallar Juma'a a Makera. Shekarunsa a gidan nan shi da Manjo ba gaba ba zumunci, in sun haɗu a lungu kowa ya bi bango. Bai taɓa taɓa kare ba, kuma a majalisarsu ta bakin masallaci kowa ya san shi da cewa shi mai wankin janar-janar ne. Amma magana ta riga ta fita daga bakinsa, kuma Eunice mai abinci tana tsaye a ƙofar kicin da ludayi, ta ji komai.

Ya ce, "An gama, Madam."

Da Madam ta shiga ciki, Eunice ta ce, "Baba, kai da kare?"

Eunice 'yar Kagoro ce, bazawara, ta daɗe a gidan kusan kamar Garba. Shi Maman Monday yake kiranta.

"Maman Monday, ba kare zan wanke ba. Tabo zan wanke. Karen yana bayansa ne kawai."

Ya samo ledar burodi biyu ya zura hannuwansa, ya ɗaure da kyauron roba. Ya ware tsohuwar rigar atisaye ta musamman don wannan aiki, wadda ba zai yi salla da ita ba. Eunice ta riƙe Manjo a kan bencin wanki, Garba ya duƙa ya duba gemun nan ta hagu, ya duba ta dama, ya ɗaga shi a rana, kamar yadda yake duba kwalar riga.

"Tabon ruwa ne da maiƙo," in ji shi. "Yaro ne. Kafin la'asar ya tafi."

Ya fara da sabulun salo. Manjo ya yi atishawa, gemu ya bushe, tabo yana nan. Ya koma toka da lemun tsami. Tabo ya ɗan yi haske, ya kwana, ya dawo da ƙarfinsa. Ya jiƙa kanwa. Manjo ya lashe, ya ji daɗi, ya nemi ƙari. Garba ya ɗauko kwalbar kananzir, Eunice ta ƙwace.

"Baba, so kake ya mutu mu bi shi?"

"Da shi na cire kwalta a rigar wani Birgediya."

"Birgediyan yana cikin rigar lokacin?"

Garba ya bar mata kwalbar. Gaskiya ba ya ciki.

Ya ɗauko ruwan bilic, nan ma Eunice ta ce in abin nan ya shiga idon Manjo, ita za ta riga shi tattara kaya, kuma sai ta faɗa wa Madam da bakinta. Garba ya mayar. Ya ce matsalar aikin nan ita ce ba a iya tuɓe gemun a jiƙa shi ya kwana, a buga shi a kan dutse. Da za a iya, da tuni an wuce wurin.

Sai ya koma ga makamin da bai taɓa ba shi kunya ba: bula. Duk farin da ya fara komawa ruwan ɗorawa, in ka tsoma shi a ruwan bula ka shanya, sai ya fito yana ɗaukar ido. Garba ya dama ta daidai yadda yake yi wa singiletin Kanar, ya tsoma gemun Manjo a kofi, ya zaunar da shi a rana. Da ya bushe, gefen da yake fari ya koma shuɗi-shuɗi kamar sararin sama, gefen da yake ja ya koma launin gautan da ya fara ruɓa.

Eunice ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Yanzu kam tabo biyu ne."

"Uku," in ji Garba, don shi mutum ne mai faɗar gaskiyar aikinsa. "Akwai na ƙasan ido."

Allah ya taimaka Madam da Kanar sun tafi Kafanchan gaida mahaifiyar Kanar, ba za su dawo ba sai safiyar Asabar. Garba ya wanke bular ya wanke, ta rage amma ba ta fita duka ba. Manjo kuwa, abin mamaki, ya fara son aikin. Da ya ga Garba ya zura leda, sai ya hau benci da kansa ya ɗaga haɓa.

Ran Juma'a da safe Garba yana zaune bakin gadonsa da ɓallin madubi, yana duba nasa gemun kafin ya tafi masallaci. Lallen ya fara sauka, furfura ta leƙo daga tushe. Ya tuna dalilin da ya sa ya fara sa lalle tun farko. Ba don ado ba ne. Goro da taba ne suka rina masa gashin da ke kewaye da baki, ya zama farin gemu mai rawayan tsakiya, yara suna cewa ya sha koko bai goge ba. Ya wanke ya gaji. Ranar da ya sa lalle, magana ta mutu. Tun daga ranar aka fara ba shi hanya a sahu.

Ya ajiye madubin. Ko a bariki ma haka ake yi. Kakin da ya ƙi wankuwa ba a yar da shi, turawa ake yi a rina. Tabo ai don yana wuri ɗaya ne ake kiransa tabo. In ya game ko'ina, sai a ce launi.

Bayan an sauko Juma'a bai tsaya majalisa ba, ya hau bas zuwa Tudun Wada wurin matar da yake sayen lalle, ya ce ta ba shi mai kyau, na amare. Ya dawo ya kwaɓa da hannunsa yadda ya saba: ruwan shayi mai kauri da ya huce, lemun tsami, da ɗan garin kanumfari. Eunice ta leƙo.

"Baba, wa zai yi aure?"

"Riƙe min Manjo."

"Yesu! Baba, a'a."

"Maman Monday, kin taɓa ganin dattijo mai jan gemu an ce masa ƙazami?"

Eunice ta yi tunani. Ba ta taɓa gani ba. Ta riƙe Manjo.

Garba ya shafa lallen nan da tsinken tsintsiya da bayan cokali, daga gashin baki har haɓa, ya daidaita gefe da gefe kamar karin wando. Ƙasan ido bai sa ba, ya dai rage gashin wurin da almakashi. Don kada Manjo ya lashe, ya naɗe gemun da leda, ya yago tsohon kakin Kanar ya ɗaure ta bayan kunne, ya bar hanci a waje. Ya zauna ya riƙe shi a kan benci har rana ta yi sanyi. Lallen da ya rage a kwano, da yake Garba ba ya ɓarna, ya shafa wa nasa gemun. Suka zauna su biyu gindin mangwaro, kowa da ƙunshinsa.

Da aka kwance aka ɗauraye, sai ga aiki. Ja ne mai duhu, mai sheƙi, ko'ina daidai, ba ɗigo ba zane. Bula ta ɓace, tsohon tabo ya ɓace. Farin jikin ya ƙara fitowa saboda jan. Manjo ya zauna a kan benci da gemunsa, sai ka rantse wani abu zai faɗa game da tarbiyyar yaran zamani.

Eunice ta ce, "Ya yi kyau. Shi ne abin tsoron."

Asabar ta zo da gardama. Motar Kanar ta yi faci a hanya, suka iso a makare. Mai hoto bai zo da wuri ba, baƙi kuma suka zo kafin lokaci, don an ce akwai abinci. Kafin Madam ta ɗaura ɗankwali an cika rumfar da aka kafa a tsakar gida, manyan riguna da huluna, ana ta gaisuwa. Madam ta aiko Eunice da saƙo: a kulle Manjo a baya har baƙi su tafi, hoto sai daga baya.

Garba ya ji saƙon. Amma shi a bariki ya tashi. A bariki in ka gama aiki ba ɓoye shi ake yi ba, fito da shi ake yi a duba, kuma gaban manya ake dubawa. Ya tsefe gemun Manjo, ya tsefe nasa, ya sa farar rigarsa mai sitaci, ya kama igiya ya nufi rumfa.

A kujerar gaba, kusa da Kanar, Alhaji Sadiƙ ne zaune, shugaban jam'iyya na Makera, mai sayar da kayan gini. Duk wanda zai zama wani abu a wannan yanki sai ya bi ta hannunsa. Dattijo ne mai jiki, ga carbi, ga gemu har ƙirji, shi ma da lallensa. Bayansa akwai wasu dattawa biyu, su ma haka.

Garba ya tsaya tsakiyar rumfa, ya haɗa ƙafa. Ya ce, "Madam, an gama aiki. A duba."

Manjo ya zauna gaban Alhaji Sadiƙ, ya ɗaga haɓa yadda ya saba.

Cokula suka tsaya. Wani da ya kai lomar shinkafa baki ya bar ta a can. Kanar Wilfred, wanda aka ce ko a fagen daga ba ya gumi, sai ga ruwa yana bin wuyansa yana shiga aikin zaren dirai kilina. Kaduna ce. Kowa a rumfar nan ya san abin da bai kai wannan ba ya taɓa sa an rufe kasuwa. Kare a gidan Kirista, da jan gemun dattawa, an kawo shi an zaunar gaban Alhaji. Madam ta dafa kujera. Eunice ta koma kicin ta tsaya kusa da ƙofar baya.

Alhaji Sadiƙ ya dubi karen. Karen ya dube shi. Carbin ya tsaya a hannunsa.

"Kanar," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa, "wa ya yi wannan?"

Kanar ya buɗe baki, Turanci ya zo, Hausa ta zo, ba wanda ya fita.

Wani mai hankali da sai ya yi shiru. Amma ba a taɓa tambayar wanda ya yi aikin Garba, Garba yana wurin, ya bar wani ya amsa ba.

"Ni ne, Alhaji. Garba Sitaci. Ba wanda ya sa ni, ba wanda ya taya ni sai mai riƙewa. Tabo ne ya gagari Madam, ya gagari shamfun Turai, ni bai gagare ni ba."

Alhaji ya ɗago. "Garba? Na sahun gaba?"

"Shi."

Alhaji ya dubi gemun Garba, ya dubi na Manjo, ya sake duban na Garba. Launi ɗaya, ba bambanci ko na gashi guda.

"Wato ragowar naka ka sa masa."

"A'a, Alhaji. Nawa ne ragowar nasa."

Wani daga baya ya yi tari. Ɗaya daga cikin dattawan biyu ya sunkuyar da kai, kafaɗarsa tana rawa. Alhaji Sadiƙ bai yi dariya ba. Ya kai hannu ya shafa nasa gemun, wanda, in za a faɗi gaskiya, lallensa ya koɗe ya koma kamar ɓawon lemun da ya kwana a rana.

Ya ce, "Allah ya shirye ka, Garba. Tsufa ya zo, hankali yana hanya. Fitar da shi mu ci abinci."

Aka saki numfashi. Cokula suka ci gaba. Kanar ya yi dariyar da ta fi ƙarfin maganar, hannun rigarsa ya zame ya shiga miya.

Da baƙi za su tafi, Alhaji ya ce zai kama ruwa, ya zagaya baya shi kaɗai, ya tarar da Garba bakin rijiya yana wanke hannu da ƙasa.

"Kai, me ka zuba a ciki?"

"A cikin me, Alhaji?"

"Kada ka raina min hankali."

Garba ya faɗa masa: shayi, lemun tsami, kanumfari, kuma kada ya yi gaggawar kwancewa. Alhaji ya gyaɗa kai, ya ce in ya ji wannan maganar a Makera zai san daga inda ta fito. Maganar tambayar ba ta fita ba. Amma maganar kare, kafin magariba ta riga Alhaji isa Makera, don mutum goma sha wani abu ne suka gani da idonsu.

Da gida ya watse Madam ta kira Garba falo. Kanar yana kwance a doguwar kujera da jiƙaƙƙen tawul a goshi.

"Baba, ka kusa ƙona mana gida."

"Gida yana nan, Madam."

"Na ce ka mayar da shi fari."

"A'a, Madam. Cewa kika yi in fitar da tabo. Maman Monday tana wurin. Ga Manjo, a nuna min tabo."

Madam ta dubi Manjo. Ta zagaya shi. Babu tabo. Ta ce ita ba lauya ba ce, kuma ba za ta sa kare mai jan gemu a kalanda ba. Ran Litinin ta sa shi a mota ta kai wa likitan dabbobi, ta tafi da Garba don ya ji da kunnensa.

Likitan ya yi dariya har ya cire tabarau. Ya ce lalle ba ya wankuwa, sai dai gashi ya tsiro a riƙa rage jan da almakashi kaɗan-kaɗan. Tabon farko kuwa, yawun karen ne da hawayensa, ga ruwan rijiya mai tsatsa, ga kwanon roba da ke riƙe datti. A ba shi tafasasshen ruwa da aka tace, a kwanon silba. Duk bayan cin abinci a goge masa baki da ƙasan ido da tsumma mai ɗumi, a busar, kada a bar gemun da laima. Kada ya kusanci manja. In an kiyaye, wata biyu zuwa uku zai koma fari tas.

A mota Madam ta yanke hukunci. "Kai ka ɓata, kai za ka gyara. Kana ɗakinka har ranar da gemun nan ya koma fari. Ranar da ya yi fari, mu yi sallama."

"Na ji, Madam," in ji Garba.

Ya kama aiki kamar yadda ya kama kowane aiki a rayuwarsa. Ya tafasa ruwa, ya tace da farin ƙyalle, ya goge, ya busar, ya rage. A Makera an daina ce masa Sitaci, an koma Wanzamin Manjo. Da farko ya ƙi amsawa. Daga baya ya tambaye su, a cikinsu wa ya taɓa yi wa mai muƙamin Manjo aski yana zaune bai motsa ba? Ba wanda ya taɓa. Ya kuma nuna musu gemun Alhaji Sadiƙ, wanda a 'yan kwanakin nan ya yi wani irin ja mai kyau, bai dai ce komai a kai ba.

Maganar likita ta zama gaskiya, Garba bai hana shi wannan ba. Fari ya fara tsirowa daga tushe, ja yana komawa can ƙarshen gashi. Madam ta fara murmushi kafin azahar. Ta ce wa direba ya fara shirin tarewa.

Amma Garba ya yi shekara talatin da wani abu yana guga a bayan falon hafsoshi, taga a buɗe. Ya ji yadda ake tsara miƙa mulki. Ya san ana sa rana, a buga a jarida, kowa ya shirya, sai ranar ta matso a gano wata 'yar matsala da ba wanda ya yi tsammani, a kafa kwamiti, a sa wata ranar.

Wata ranar Laraba, gemu saura ƙiris, Madam ta fito ta tarar da haɓar Manjo ta yi rawaya-rawaya.

"Baba! Mene ne wannan?"

Garba ya duƙa ya duba ta hagu, ya duba ta dama, ya ɗaga a rana.

"Koma-baya aka samu, Madam. Yakan faru. Amma shirin yana kan hanya, ba abin da zai hana. Zuwa Kirsimeti in Allah ya yarda."

Kirsimeti ta zo, aka ɗaga zuwa Ista, saboda sanyi yana sa hawaye. Ista ta zo, aka ɗaga zuwa bayan damina, saboda laima. Kanar bai samu kwamishina ba, an ba shi kujera a wata hukumar da ba ta zama, ya daina tambayar komai. Direba ya gaji ya kama haya a Kakuri.

Eunice ba ta taɓa cewa ta ga wani abu ba. Sai dai duk ranar da ta yi miyar manja, takan manta da tukunyar a ƙasa bayan kicin, murfi a buɗe, ta tafi shanya. Garba kuma lokacin yakan kasance yana neman almakashinsa.